Tantabarun Saman Laburare

Auta irin mutanen nan ce da sai an yi musu magana sau biyu: ta farko ta dawo da su daga inda suka tafi, ta biyu su ji abin da aka ce. A shagon labule take aiki, kekenta na ɗinki yana jikin taga, kuma uwar ɗakinta ta gaji da faɗa har ta daina. In ta ji keken ya yi shiru, ta ga yadi ya zube ƙasa, sai kawai ta ƙwanƙwasa tebur da almakashi. Auta ta zabura, ta ce, "Na'am, Anti," kamar an kira ta, ta ci gaba da kalmasa.

Ba titi take kallo ba, sama take kallo. Daga wannan tagar ana hango laburaren gari, tsohon bene mai rufin kankare a shimfiɗe, kuma kullum da la'asar sakaliya garken tantabaru yakan tashi daga samansa. Sukan yi sama a dunƙule, su karkata gaba ɗaya har rana ta haska cikin fikafikansu, su ɓace bayan ƙarfen sabis, su ɓullo ta inda ba a zata ba. Wani in ya gani zai ce tsuntsaye ne suke shawagi. Auta in ta gani sai ta ce a ranta, yau ma Yaya ya fita.

Yayan nata a da direban babbar mota ne, mai surutu da dariya, wanda in ya dawo daga tafiya har maƙwabta sai sun sani. Wata damina motar ta ƙwace masa a gangare. Shi ya fito da ransa, abokin tafiyarsa bai fito ba. Da aka sallamo shi daga asibiti ya shige ɗaki ya turo ƙofa, aka kusa shekara ana ajiye masa abinci a bakin ƙofar, wani lokaci a ɗauke kwanon kamar yadda aka ajiye shi. Umma ta yi lallashi, ta yi kuka, ta kai shi wurin likita, ta dawo ta zauna ta zuba wa ƙofar ido.

Baba mai gadin laburare, aminin marigayi mahaifinsu, shi ya zo wata rana ya tsaya a tsakar gida yana magana da ƙarfi, wai da Umma yake. Ya ce yana da tantabaru biyu a saman bene, gwiwarsa ta ƙi matakala, ga shi ƙishi zai kashe bayin Allah. Washegari da sassafe aka ji ƙofar ta yi ƙara. Yaya ya bi lungun baya, wanda mota ba ta shigarsa, ya hau benen da gwangwanin ruwa. Biyun nan su suka zama garke. Har yanzu maganarsa ba ta wuce "eh" da "a'a" da "na ƙoshi" ba, kuma duniyarsa gaba ɗaya gida ce da lungu da matakala da sama. Amma yana wanka, yana cin abinci, yana fita. Umma ba ta roƙi fiye da haka ba.

A cikin wannan hali aka kafa majalisar shawara ta matasa, kowace unguwa ta ba da mutum ɗaya, unguwarsu ta tura Auta. Ba don natsuwarta ba. An dai san in ta dawo daga duniyar tata, ba a kayar da ita a magana.

Da farko gari ya yi dariya. Aka ce an ba yara kujera ne don su rage zagin hukuma a waya. Amma akwai wata doka guda da ta sa abin ya yi nauyi: duk shawarar da majalisar ta zartar, dole magajin gari ya zo da kansa ya ba da amsa a gabansu, ko da amsar a'a ce, kuma ya faɗi dalili. Ta haka aka rufe kwatar bakin makarantar firamare, aka yi wa tashar bas rumfa. Masu dariya suka koma turo saƙo.

A ƙarshen kowane wata suke zama, a wani zaure mai sanyi a ofishin hukumar gari, kan kujeru masu laushin da ke jawo barci. Akwai ɗalibar jinya, akwai mai gyaran waya, akwai golan ƙungiyar ƙwallo wanda bai taɓa cewa komai ba sai "na goyi baya". Shugabansu wani siririn ɗalibin lauya ne da suke kira Mai Guduma, saboda 'yar gudumar katako da yake buga tebur da ita ko babu mai surutu. Ya haddace dokokin majalisar kamar shi ya haife su. Sai kuma Mai Aski, wanda Allah ya halitta don ya musa wa Auta. In ta ce rana ta fito, zai nemi a kafa kwamiti a duba.

Ƙudurin da Auta ta kawo na wuta ne. In ta tashi daga shago a laburaren take karatun jarrabawa, ita da wasu da yawa da gidajensu ba su da wurin ajiye littafi, balle shiru. Amma da rana ta faɗi, in an ɗauke wuta, kuma kusan kullum sai an ɗauke, Baba yakan karkaɗa makullai, kowa ya tattara. Ranar da ta miƙe a zauren ba ta karanta komai daga takarda ba. Ta ce su rufe ido su hango benen da magariba, kowace taga da haske, tun daga ƙasa har sama, mai tallan ruwa da ɗan gareji da mai goyo kowa da littafinsa, fanka na juyawa a hankali. Ta yi ta zuba har gola ya rufe ido da gaske. Mai Aski ya ɗaga hannu ya ce mafarki ba ya kunna ƙwan lantarki. Ta ce masa ai shi ya sa ake neman sola, ba a neman wanzami. Aka yi dariya, aka kaɗa ƙuri'a, har shi ya ɗaga hannu yana ƙunƙuni.

Magajin gari ya zo ya ce an karɓa. Auta ta dawo gida ranar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. A duk zaman nan ba wanda ya tambayi inda za a shimfiɗa farantan solar. Matasa ne, haske suka hango, ba su hango ƙusa da waya ba. Ita kanta Auta a cikin kanta laburaren biyu ne: na ƙasa nata, na sama na Yaya, kuma bai taɓa zo mata cewa rufi ɗaya ne ba.

Ana nan, wata yamma ta dawo ta tarar da Baba a tsakar gida, hularsa a gwiwa. Umma tana zaune a kan turmi, tsintsiya a hannunta, ba ta shara. Baba ya ce injiniya ya hau sama yau da tef ɗin awo, ya auna kusurwa zuwa kusurwa, ya ce aikin zai cinye rufin duka, a kwashe akurkin nan kafin kaya su iso.

"Shi kuma fa?" in ji Auta.

Umma ta nuna ƙofar ɗakin da haɓa. A rufe take.

"Tun azahar," ta ce. "Ko tsuntsayen bai sake su ba." Ta juyo ta dubi 'yarta, ba da faɗa ba, wanda da faɗan ne da ya fi sauƙi. "Auta, ke kika nemo wutar nan, na kuma yi murna. Amma in yaron nan ya koma ɗaki a karo na biyu, ban san da me zan fito da shi ba. Ba ni da wasu tantabarun."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Auta ta je bakin ƙofar ta durƙusa, ta ce, "Yaya, ni ce." Shiru. Ta ce, "Zan gyara, wallahi zan gyara." Ta ji motsin gado, sannan shirun ya dawo. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun wancan lokacin.

Da safe ya fito, ya hau ya ba su ruwa, ya dawo ya rufe ƙofa. Haka ya riƙa yi. La'asar ta yi ta zuwa tana wucewa, Auta na bakin keke tana kallon saman laburare, babu abin da ke tashi. Uwar ɗakinta ta lura almakashi ma ya daina aiki, ta ce mata ta je ta yi abin da ke gabanta, labule ba zai gudu ba.

Ta sami Mai Guduma a ƙarƙashin wata bishiya a harabar makarantarsu. Ta faɗa masa komai, ta ce tana so a kira zama, za ta nemi a janye shawarar. Ta riga ta shirya jawabin a ranta, wanda ya fi na farko, wanda zai sa dutse hawaye.

Ya saurara har ta gama, yana goge tabarau da gefen riga.

"Zama za a kira," ya ce. "Amma ba za ki yi magana ba."

"Kamar yaya?"

"Yayanki ne. Doka ta ce duk wanda magana ta shafi gidansu, zai fita waje har a gama. Ba jawabi, ba ƙuri'a."

"Doka ta san Yaya? Ta taɓa ajiye masa abinci a bakin ƙofa?"

"Ba ta san shi ba, shi ya sa take da amfani. Ranar da aka yi maganar rumfar tasha, kin manta ke kika ce mai gyaran waya ya fita saboda shagon kawunsa? Auta, in muka karya ta saboda ke, gobe ɗan mai kuɗi zai karya ta saboda babansa, kuma daga ranar mun zama abin da mutane suka ce mu ne."

Ta so ta zage shi. Ta duba ko'ina a cikin maganarsa ba ta sami inda za ta sa zagin ba, sai ta juya ta tafi ba sallama. A hanya ta riƙa tunanin wa zai tsaya wa Yaya. Ɗalibar jinya ita kanta a laburaren take karatu. Gola zai goyi bayan duk wanda ya riga magana. Mai Aski kuwa, ai abin nema ya samu.

Ranar zaman, Mai Guduma ya karanta batun, ya dube ta. Ta tashi ta ɗauki jakarta. Ba ta kai ƙofa ba Mai Aski ya ɗaga hannu, ta ce a ranta, to, ga shi nan, ko fitata ba zai jira ba.

"Shugaba, ina da magana kafin 'yar labule ta fita," ya ce. "A cikinmu wa ya taɓa hawa saman benen nan?" Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "To ni ko kan jariri ba na sa wa aska sai na shafa na ji inda ƙurji yake. Mun zauna a sanyi mun yanke hukunci kan rufin da ba mu taɓa gani ba, yanzu kuma za mu sake zama a sanyi mu warware. Gani ya kori ji. A ɗage zaman nan a kai shi can sama, kuma a gayyato magajin gari, shi ma ya motsa jini."

Mai Guduma ya buɗe baki, ya laluba dokokinsa kaf, bai sami wadda ta ce dole zama ya kasance a ƙarƙashin rufi ba. Gola ya ce ya goyi baya.

A bakin mashiga Auta ta tare Mai Aski. Ta rasa ta inda ake fara yi masa godiya, don ba ta taɓa gwadawa ba.

"Kada ki gode min," ya ce. "Ban ce zan zaɓi tsuntsu a kan mutum ba. Na ce dai a gani."

Baba ne ya sanar da Yaya. Ya tsaya a tsakar gida, wai da Umma yake, ya ce gobe da la'asar hukuma za ta hau sama, kuma baƙi in sun yi yawa tsuntsu kan firgita ya bar ƙwansa, sai in mai shi na kusa. Washegari tun azahar Yaya ya fita, sanye da rigar da Umma ta goge ta rataye masa a ƙofa.

Haka majalisar matasa ta hau matakala a jere, kowa da kujerar roba a ka. Magajin gari ya zo, mutum mai jiki, yana hutawa a kowane hawa yana cewa gini yake dubawa. Injiniya na bayansa. Da aka kai sama Mai Guduma ya rasa tebur, ya kife wani bokiti ya buga gudumarsa a kai, sannan ya dubi Auta.

"A nan ina ne waje?" ta tambaya.

"Bayan ƙofar can."

Ta koma cikin matakala ta zauna a hawa na ƙarshe, aka turo ƙofar ƙarfe. Ƙofar ba ta rufuwa duka, wani siririn haske ya ratso ya kwanta a kan ƙafarta, ƙananan gashin tsuntsu na yawo a cikinsa, suna hawa suna sauka ba sa gaggawa. Wurin na warin hatsi da kankare mai ɗumi. Daga ƙasa tana jin tarin masu karatu da jan kujera, daga sama kukan tantabaru, wannan gunaguni nasu mai kama da tukunya ta kusa tafasa. Ta jingina kai da bango. Sai ta ga kamar benen nan jirgin ruwa ne, ita tana tsakiyarsa, na ƙasa da na sama duk nata ne, kuma ana shirin a ce ta zaɓi wanda za a sauke.

Injiniya ya yi bayani, kuma bai yi ƙarya ba. Ya ce ya gwada rabin rufi a lissafi, ba zai ɗauki fitilu da fankoki ba, kashin tsuntsu kuma yana dusar da farantan. Ɗalibar jinya ta ce ita tausayi take ji har ranta, amma ranar jarrabawa ba a tambayar tausayi. Wani ya ce a mayar da su gida, Baba ya ce gidan haya ne, tsakar gidan ko shanya ba ta isa. Auta tana ji, jawabinta na tafasa a ƙirjinta, ga amsar kowa a bakinta, ta cusa gefen mayafi tsakanin haƙora.

Sai ta ji Mai Aski ya ce, "Shugaba, muna ta magana a kan mutum, ga shi a tsaye."

Mai Guduma ya sassauta murya. "Yaya, majalisa tana saurarenka. Duk matashin garin nan yana da bakin magana a nan. Me kake so a yi?"

Shirun ya yi tsawo. Ta san shirun nan, ta zauna da shi a gida ɗaya. Ta ce a ranta, ku ƙyale shi, ba zai iya ba. Wata tantabara ta yi fiffika ta sauka a wani wuri.

"Ku sa wutar."

Muryar ta dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, amma tasa ce.

"Ina jin su," ya ce. "Na ƙasa. In Baba ya kaɗa makulli, ina jin yadda suke jan ƙafa a matakala, ba sa son tafiya. Ƙanwata na cikinsu." Ya tsaya, aka jira shi. "Amma akwai masu kwanci. Waccan mai wuyan kore jiya ta ƙyanƙyashe. In aka ɗaga su yanzu, iyayen za su watsar da 'yan shilan. Ku bari su yi gashi. Kuma in da wani wuri mai tsayi, inda ba kyanwa. Ni ban iya zama a ƙasa ba."

Daga nan ya ci gaba, ba wanda ya tambaye shi. Ya nuna musu wadda ta fi kowa faɗa, da wanda matarsa ta mutu ya ƙi sake aure, da gurguwar da ya tsinta a lungu. Magajin gari ya yi wata tambaya, Yaya ya amsa, har wani ya yi dariya. Auta ta kife fuska a gwiwa tana kuka ba sauti. Rabonta da jin jimla uku a jere daga bakinsa tun kafin gangaren nan, kuma da an bar ta ta yi jawabinta, da ba ta ji ba.

Aka kaɗa ƙuri'a ba da ita ba. Shawarar da ta fito ita ce a yi aikin sola, amma a jira 'yan shila su tashi, kuma hukuma ta ba shi wani wurin. Magajin gari ya amsa nan take, yana zaune a kujerar roba da ke kuka a ƙarƙashinsa. Ya ce jira ya karɓa. Wuri kuma akwai saman ɗakin injin ruwa a lambun hukuma, yana da tsayi, yana da tsani, babu mai hawa. Abu ɗaya ne, yana hayin babban titi, kuma ba shi da wani a wannan ɓangaren.

Umma da ta ji ta ce, "Babban titi?" Kowa a gidan ya san tun da abin ya faru Yaya bai taɓa tsayawa kusa da mota mai tafiya ba.

Da 'yan shila suka yi gashi, 'yan majalisa suka zo kwasar kaya. Gola ya ɗauki akurki shi kaɗai a ka. Tsuntsayen aka zuba a kwanduna aka rufa musu ragowar yadin labule da uwar ɗakin Auta ta bayar. A bakin titi Yaya ya tsaya cak, kwando a hannu, gumi na tsattsafo masa a goshi. Wata tirela ta wuce, ƙasa ta girgiza, ya runtse ido. Auta ta kama hannun rigarsa. Mai Aski ya shiga tsakiyar titi ya ɗaga hannu kamar ɗan sanda, direbobi na zaginsa yana ramawa, har suka haye.

Tantabara ba a canza mata gida a sake ta. Sai an kulle ta makonni a sabon wurin, tana leƙen duniya ta cikin raga, har idonta ya saba. Kullum da safe Auta ke raka Yaya su haye titi kafin ta wuce shago, da yamma ta je ta taho da shi. Wata rana yakan tsaya a bakin kwalta har rana ta ɗaga. Wata rana yakan juya gida, ita ta je ta ba su ruwa, Umma ta wuni tana kallon ƙofa. A can kuma aka kafa farantai, suka rufe saman laburare baƙi wuluk suna sheƙi. Ranar da aka kunna wutar, tagogin suka yi yadda ta faɗa a zaure, har sun fi. Ta tsaya a waje ta kalla, ta ji daɗi, amma daɗin bai kai mata ciki ba.

Ranar da zai sake su, ita kaɗai ya ce ta zo. Suka hau tsanin da la'asar. Daga saman ɗakin injin ana ganin lambun duka, da masu ban ruwa, da titin, da laburare can nesa. Ya watsa tsaba kaɗan, ya buɗe ragar, ya ja da baya.

Da farko ba su fito ba. Sai gurguwar ta leƙo, ta taka bakin akurki, sauran suka biyo. Suka yi ta zagaya ƙafarsa, sannan kamar an ba su umarni suka tashi gaba ɗaya, iskar fikafikansu ta kaɗa mayafin Auta. Suka yi sama, suka zagaye lambun sau ɗaya, suka sake zagayewa sun ƙara faɗi. Yaya ya yi musu fito. Suka karkata, rana ta haska cikinsu, Auta ta ce a ranta sun ji, ga su nan.

Sai suka miƙe. Suka tsallake titin a sama, inda babu tirela, suka nufi laburare kai tsaye. Tana kallo suka yi ƙanana, suka sauka ɗaya bayan ɗaya a gefen farantan, suka jeru a inda akurkinsu yake a da. 'Yan shilan bana ne kawai suka rage, su da ba su san wancan gidan sosai ba.

Auta ta kasa duban fuskarsa. Duk wahalar nan, duk hayin titin nan, ga inda ta ƙare. Ta hango ƙofar ɗakin, ta hango kwano a bakinta, ta hango Umma a kan turmi.

"Yaya," ta ce, "ka yi haƙuri."

Ya daɗe yana kallon can, hannunsa a goshi yana tare rana. Sannan ya sunkuya ya jawo babban kwandon, ya kakkaɓe shi, ya ninke yadin ya sa a ciki.

"In duhu ya fara ba sa gudu," ya ce. "Sai mu kamo su."

"In sun sake komawa fa?"

"Za su koma. Gobe ma za su koma." Ya rataya kwandon a kafaɗa, ya juya ya sa ƙafa a tsani. "Ba a yi musu faɗa. Wurin da abu ya saba ne yake jansa, ba da gangan suke yi ba. Kai dai ka je ka ɗauko, ka kawo, ka ajiye musu ruwa. Wata rana sai ka ga sun zauna."

Ya sauka taki biyu, ya ɗago ya dube ta, ido cikin ido, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Ba haka kuka yi da ni ba?"

Ta biyo shi ƙasa, suka ratsa lambun, masu ban ruwa na naɗe tiyo. A bakin titi ta miƙa hannu za ta kama rigarsa, sai ta tarar ya riga ya kama nata hannun. Ya duba dama, ya duba hagu, ya jira wata bas ta wuce.

"Taho," ya ce. "Yanzu."